Abdul Sattar Edhi, Magidancin da Gidansa Ya Zama na Kowa

A birnin Karachi na ƙasar Pakistan, an yi shekara da shekaru idan gari ya waye aka ga gawa ta kumbura a kwata, ko teku ta turo wani bawan Allah bakin gaɓa, ko an tsinci jariri a bola, ba hukuma ake fara tunawa ba. Abin da ke fitowa daga bakin jama'a shi ne a kira Edhi. Kafin a jima sai ga wata 'yar ƙaramar mota tana kutsowa cikin lungu, wani mai gemu, sanye da tufafi masu launin toka da baƙar hula, ya sauko ya naɗe hannun riga. Abin da kowa ya toshe hanci ya ja da baya saboda shi, shi zai sunkuya ya ɗauka. Haka Abdul Sattar Edhi ya yi ta yi tun yana saurayi har gemun ya yi fari fat. Da ya rasu a 2016, ya bar mata ɗaya, 'ya'ya huɗu, kayan sawa kala biyu, da ƙungiyar agajin da babu kamarta a ƙasarsa.

Masu rubutu a kansa sun fi son lissafa motoci da gidajen marayu da lambobin yabo. Ni gidansa ne ya fi ɗaukar hankalina, domin Edhi bai taɓa raba gida da wurin aiki ba. Inda yake kwana nan ne ofis, matarsa ce babbar abokiyar aikinsa, 'ya'yansa kuma sun buɗe ido ne suka ga marayu da majinyata a ƙofar ɗaki. Wannan ne ya sa talakan Pakistan ya amince da shi irin amincewar da bai taɓa yi wa gwamnati ba, kuma iyalinsa ne suka ji jiki kafin a kai ga haka.

An haife shi a 1928 a garin Bantva da ke yankin Gujarat a yammacin Indiya, ƙasar tana hannun Turawan Ingila. Ɗan ƙabilar Memon ne, Musulmin da suka yi suna a fatauci da riƙon junansu. Mahaifinsa Abdul Shakur ɗan kasuwa ne, mahaifiyarsa kuwa Ghurba, ita ce malamarsa ta farko. Idan zai tafi makaranta takan ba shi paisa biyu, 'yan kwabban ƙasar, ɗaya nasa, ɗaya kuma ya nemi wanda ya fi shi buƙata ya ba shi. Idan ya dawo sai ta bi ba'asi, in ya cinye duka ranar ya sha faɗa. Abin lura a nan, ba ta ce ya jefa wa duk wanda ya miƙo hannu ba. Ta ɗora masa aikin dubawa da tantance wane ne mabuƙaci na gaske. Karatun boko bai yi nisa a cikinsa ba, tun yana yaro ya koma kasuwa.

A watan Agusta na 1947 Turawa suka tattara nasu ya nasu, aka raba ƙasar biyu, Indiya da Pakistan. Miliyoyin mutane suka bar gidajen kakanninsu, Musulmi suna ƙaura zuwa wannan ɓangare, Hindu da Sikh zuwa wancan, aka yi kashe-kashen da har yau ba a daina jimaminsu ba. Iyalin Edhi suka bi ayari zuwa Karachi, wadda ita ce babban birnin sabuwar ƙasar a lokacin. Garin da mutanensa ba su kai rabin miliyan ba kafin rabuwar, zuwa 1951 ya haura miliyan ɗaya. Babu isassun gidaje, babu asibitoci, mutane na kwana a gefen titi suna mutuwa a gefen titi. Edhi ya fara da tallar fensir da ashana, daga baya ya shiga harkar yadi.

A 1948 attajiran Memon suka buɗe ɗakin shan magani na kyauta, ya shiga a matsayin ɗan sa kai. Bai daɗe ba ya ga abin da bai yi masa daɗi ba: idan kai Memon ne a duba ka da wuri, idan ba ɗan gida ba ne ka yi ta jira, ga kuma manya suna son a yi ta ambaton sunansu a kan abin da suka bayar. Ya faɗa musu gaskiya a bainar jama'a, yaro ƙarami a gaban masu kuɗin ƙabilarsa, kuma kowa ya san yadda irin wannan ke ƙarewa. Suka raba gari. A 1951 ya sayi wani ɗan shago a Mithadar, tsohuwar unguwa mai matsattsun lunguna a tsakiyar Karachi, ya buɗe nasa ɗakin maganin. A kan bencin siminti da ke ƙofar shagon yake kwana, don duk wanda ya zo da tsakar dare ya same shi. Daga wannan unguwa bai ƙara tashi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Jinyar mahaifiyarsa ce ta ƙara buɗe masa ido. Ta samu shanyewar jiki, hankalinta ma ya taɓu, shi ne mai yi mata wanka, mai sauya mata tufafi, mai kwashe kashi da fitsari, mai ba ta abinci a baki, har Allah ya karɓi abarsa. A nan ya gane cewa wanda ciwo ya kwantar, idan ba shi da wani nasa, to ba shi da kowa, domin hukuma ba ta tanadi komai dominsa ba. Ya kuma ga yadda kai majinyaci asibiti kaɗai ke zama tashin hankali ga wanda ba shi da abin hawa.

A 1957 annobar murar nan da ta taso daga gabashin Asiya ta iso Karachi. Edhi ya kafa tantuna a unguwanni, ya roƙi ɗaliban likitanci su zo su taimaka kyauta, ya ajiye akwatin sadaka: mai hali ya jefa, marar hali ya sha magani ya wuce. Daga nan sunansa ya fita daga Mithadar. Da gudummawar da ta biyo baya ya sayi wata tsohuwar mota ƙirar Hillman, ya mayar da ita motar asibiti, shi ne direba, shi ne yaron mota, shi ne mai ɗaukar majinyaci. Ya buɗe ɗakin haihuwa, ya fara horar da 'yan mata aikin jinya.

Aikin da ya kafa sunansa a zukatan mutane kuwa shi ne na gawa. Kowane almajiri ya san hukuncin: wankan mamaci da yi masa likkafani da salla da binnewa farilla ce ta kifaya, idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura, idan kowa ya ƙi, duk garin ya ɗauki zunubi. A ƙauye wannan ba ya zama matsala, domin kowa ɗan wani ne. Amma a birnin da ke cike da baƙi, 'yan ci-rani, 'yan ƙwaya da waɗanda dangi suka yasar, kullum sai an samu gawar da babu mai cewa tasa ce. Wata ta kwana uku a rana, wata ruwa ya jiƙa ta har fata na saɓulewa idan an taɓa, wata tsutsa ta riga ta shiga. Edhi da hannunsa yake ciro su daga rijiya da magudanar ruwa, ya wanke wadda za ta wanku, ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya tsaya a sallace ta. Ya yi wa dubbai haka. Daga baya abin ya zama tsari: a ɗauki hoton fuskar mamaci, a ba shi lamba, a ajiye shi 'yan kwanaki a ɗakin sanyi na unguwar Sohrab Goth ko wani zai zo cigiya, in ba a zo ba a kai shi maƙabartar Mowach Goth a bayan gari, a kafa allo mai ɗauke da lambar. Uwar da ɗanta ya fita bai dawo ba takan zo ta zauna tana buɗe hotuna ɗaya bayan ɗaya, in ta gane fuskar a duba lamba a nuna mata kabari. A ganina, duk wanda ya taɓa rasa ɗan'uwa bai san inda yake kwance ba, ya san wannan ɗan allo ya fi wani babban gini daraja.

Mutumin da ke yini cikin irin wannan aiki ba ya samun mata da sauƙi. Ya nemi aure wuri-wuri ana ba shi haƙuri, don wace ce za ta auri mai wankan gawa da ba shi da komai sai tsohuwar mota da ɗan shago? A tsakiyar shekarun 1960 wata yarinya cikin masu koyon jinya a wurinsa, Bilkisu Bano, wadda ya girme wa da kusan shekara ashirin, ta amsa. Daren aurensu ma ya nuna mata abin da ta shigo. Sun leƙa ɗakin magani sai suka tarar an kawo wata yarinya 'yar shekara goma sha biyu da mummunan rauni a ka. Ango da amarya suka kwashe ta zuwa asibiti, a can suka kwana ana neman jini, suna rarrashin iyaye.

Bilkisu ba 'yar rakiya ba ce. Ita ta riƙe ɓangaren mata da haihuwa da jarirai, kuma mace ce mai barkwanci da faɗin abin da ke ranta. A hirarrakinta da 'yan jarida ba ta ɓoye cewa zama da mijinta sai haƙuri: ga saurin fushi, ga ƙin kashe kuɗi, ga rashin hutu. Sun zauna a wani ɗan matsattsen wuri a jikin ofishin Mithadar, ɗakinsa ko taga babu, sai gado da ɗan tarkace. Bai taɓa yankar wa kansa albashi daga asusun ƙungiya ba. Allah ya ba su 'ya'ya huɗu, maza biyu mata biyu, kuma cikinsu Faisal da Kubra sun tashi sun shiga aikin tsundum. Da aka zo ba da lambar yabo ta Ramon Magsaysay ta ƙasar Filifin a 1986, su biyun aka haɗa aka ba, kuma an yi daidai.

Abin da ya fi jawo musu magana shi ne gadon jarirai. A ƙofar cibiyoyinsu da ke faɗin ƙasar suka ajiye wani ɗan gadon lilo na ƙarfe, da 'yar katifa a ciki da rumfa a sama, ga rubutu yana roƙon kada a kashe jariri, a ajiye shi a nan. Ba a tambayar sunan wanda ya kawo, ba a bin sa. Mace ko kakar jariri ko ungozoma ta zo cikin duhu ta kwantar da shi ta juya, ma'aikaci ya fito ya ɗauka, a yi masa wanka, a ba shi madara, a raɗa masa suna. Bilkisu ce ke tantance ma'auratan da suka zo neman riƙo, ta bincika sana'ar miji da zaman gidan da halinsu kafin ta miƙa yaro. Ta hannunta sama da yara 16,000 suka samu iyayen riƙo.

Wasu malamai suka yi ca, suka ce Edhi ya buɗe wa zina ƙofa, tunda yanzu mai cikin shege ta san inda za ta kai. Har akwai waɗanda suka kafirta shi. Ban ga ƙarfin wannan hujja ba. Kafin gadon ya yi aiki, abin da za a yi an riga an yi shi, abin da ya rage kawai shi ne ko yaron ya rayu ko karnuka su same shi a juji. Kuma alƙaluman ƙungiyar sun nuna wani abu da masu sukar ba su son dubawa. A 2010 kaɗai ma'aikatanta sun tsinci gawarwakin jarirai 1,210, kuma kusan tara cikin goma mata ne. Da zina ce kaɗai dalili, da maza da mata sun zo kusan daidai. Talauci ne, da tsoron kayan auren da al'adar ƙasar ke ɗora wa iyayen amarya, da raina 'ya mace, wato ɗabi'ar nan ta jahiliyya da Musulunci ya zo ya hana ce ta dawo da sabon salo.

Bayan an ceci ran yaro kuma sai rigimar takarda. A lokacin hukumar rajistar 'yan ƙasa ba ta ba da katin shaida sai da sunan uba, shari'a kuma ta hana a jingina yaro ga wanda ba shi ya haife shi ba. Yaron da aka tsinta sai ya girma babu katin da zai shiga jarrabawa ko ya nemi aiki. Edhi ya kai kuka har Kotun Ƙoli, kuma a 2014 aka samar da hanyar yi wa irin waɗannan yara rajista ta hannun shugaban gidan marayun da ke riƙe da su. Shi kansa an rubuta shi a matsayin uba ko waliyyin yara kusan 20,000.

Ina kuɗin ke fitowa? Daga aljihun talakawa da masu matsakaicin hali. Edhi ya ɗaura wa kansa doka cewa ba ya karɓar kuɗin gwamnati, ba ya karɓar na manyan hukumomin ƙetare, don ya san mai ba ka yau shi zai juya ka gobe. Janar Ziya'ul Haƙ, yana shugaban mulkin soja, ya aika masa da cak, ya mayar masa da abinsa. Idan asusu ya yi ƙasa sai ya fita ya zauna a gefen titi yana bara, tsoho da farin gemu, motoci na tsayawa, mai keke da mai tallan shayi da matar aure kowa na miƙo abin da ya sawwaƙa. Sai zakka a watan azumi, sai fatun layya. Wanda ya ga yadda 'yan agaji ke zagaya unguwannin Kano ko Jos ranar Babbar Sallah suna karɓar fatu zai gane harkar, sai dai a Karachi kuɗin da ke cikinta ya sa jam'iyyun siyasa da ƙungiyoyi masu makamai suka shigo, har ana ƙwace fata da bakin bindiga, kuma ma'aikatansa sun sha barazana a kai. Yardar da aka yi masa ta kai mutane suna kawo masa kuɗinsu da gwalagwalansu ajiya, sun fi natsuwa da akwatin Mithadar a kan banki.

Daga tsakiyar shekarun 1980 Karachi ta rikice. Makamai da miyagun ƙwayoyi suka kwararo ta dalilin yaƙin Afganistan, faɗan ƙabilanci ya ɓarke tsakanin Muhajirai, wato zuriyar waɗanda suka yi ƙaura daga Indiya, da Fashtun da sauransu. Unguwa ta zama ba ta shiguwa ga ɗan wata unguwa, 'yan sanda ma sai su tsaya daga nesa. Motocin Edhi ne ke ratsawa, su kwaso wanda aka harba ko daga wane ɓangare yake. Ana ba da labarin yadda 'yan bindiga kan tsagaita wuta idan sun hango motarsa, da yadda 'yan fashi a dajin lardin Sindh suka tare shi, da suka gane ko wane ne suka ba shi haƙuri. Ana kuma ruwaito cewa wani ya taɓa tuhumarsa don me motarsa ke ɗaukar Kirista da Hindu, ya amsa masa da cewa ai motar ta fi mai tambayar Musulunci. Ranar 5 ga Satumba 1986, da 'yan bindiga suka kame jirgin saman Pan Am a filin jirgin Karachi suka buɗe wa fasinjoji wuta, motocinsa na cikin waɗanda suka kwashi masu rauni. Yawancinsu ƙananan Suzuki ne, ba wasu na'urori a ciki sai gadon ɗaukar majinyaci, amma suna shiga lungun da babbar mota ba ta shiga, kuɗinsu kuma kaɗan ne. Kundin Guinness ya sanya su a matsayin rundunar motocin asibiti ta sa kai mafi girma a duniya, kuma zuwa rasuwarsa sun haura 1,500, ban da ƙananan jiragen sama da kwale-kwalen ceto.

A farkon shekarun 1990 aikin ya cije shi a inda ya fi zafi. Yana da wani jika, ɗan 'yarsa, yaro ƙarami da ya shaƙu da shi ƙwarai. Wata mata mai taɓin hankali cikin waɗanda suka ba mafaka ta ƙona yaron da tafasasshen ruwa a wurin wanka. Aka yi ta jinya. Labarin rasuwar ya iske Edhi yana kan hanyar zuwa wurin hatsarin jirgin ƙasa a yankin Ghotki, inda gawarwaki da masu rauni ke zube. Bai juya ba, ya wuce wurin hatsarin. Mutum na iya karanta wannan ya ce kai, wannan ƙarfin hali ne, wani kuma ya ce taurin zuciya ne, ya tambaya ina haƙƙin 'yarsa da ke buƙatar mahaifinta a ranar. Ni na kasa raba biyun. Abin da ba a musu a kai shi ne bai rufe ƙofa ga masu taɓin hankali ba bayan haka, ya ci gaba da zuwa gidajensu yana yi wa yaran cikinsu wanka da hannunsa.

Ba waliyyi ba ne marar aibu, kuma masu mayar da shi haka ba su yi masa adalci ba. Mutum ne mai riƙe komai a hannunsa, ba ya son kwamiti, ba ya son a ja da shi. Direbobinsa ƙaramin albashi suke ɗauka a kan aikin da ke iya cin ransu. An soki cunkoso da ƙarancin ƙwararrun likitoci a gidajen masu taɓin hankali, kuma sukar tana da tushe, ko da yake masu yin ta ba su nuna wani wurin da ya fi ba da za a kai mutanen. Bakinsa ma bai bar kowa ba: attajirai masu ƙin biyan haraji, 'yan siyasa, da malaman da yake ganin sun riƙe haƙƙin Allah sun saki haƙƙin bayinsa. Cikin sahabbai Abu Zarril Gifari ne gwaninsa, kuma wanda ya san tarihin Abu Zarri da masu tara dukiya ba zai yi mamaki ba.

Agajinsa ya ƙetare iyaka. A 2005, shekarar da girgizar ƙasa ta kashe sama da mutum 70,000 a Kashmir da arewacin Pakistan, motocinsa suka yi ta hawa duwatsu, a shekarar kuma ya aika wa waɗanda guguwar Katrina ta shafa a Amurka dala 100,000. Wannan bai hana jami'an shige da fice tsare shi awa takwas suna yi masa tambayoyi a filin jirgin New York a watan Janairun 2008 ba.

Tsufansa bai zo da sauƙi ba. A 2013 ƙodojinsa suka gaza, ya koma wankin ƙoda. A watan Oktoban 2014 'yan fashi suka shiga ofishin Mithadar da safe, suka tashe shi daga barci da bindiga, suka kwashe kuɗi da gwal mai nauyin kilo biyar, yawanci amanar mutane. Ya shaida wa 'yan jarida cewa abin ya karya masa zuciya, don bai taɓa zaton za a yi masa haka a wannan wuri ba. A watan Yunin 2015, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 45 a Karachi ga wutar lantarki na ɗaukewa, sama da mutum dubu suka mutu cikin 'yan kwanaki. Ɗakin ajiye gawa na Sohrab Goth ya cika ya batse, har sai da aka riƙa haƙa dogayen ramuka ana jera waɗanda ba a zo nema ba.

A wannan shekarar ce kuma labarin Geeta ya fito. Yarinya ce kurma, bebiya, da aka tsinta a Lahore fiye da shekara goma kafin nan, ta ƙetaro daga Indiya a jirgin ƙasa ba ta iya faɗin garinsu. Aka kawo ta hannun Bilkisu. Da ta lura da yadda yarinyar ke ibada ta gane Hindu ce, sai ta sa mata sunan Hindu, ta ware mata wurin bautarta a cikin gidan, ba wanda ya matsa mata ta sauya addini. Masu kallon finafinan Indiya za su tuna Bajrangi Bhaijaan na Salman Khan, wanda ya fito a 2015 da labarin bebiyar yarinya da ta ɓata a ƙetaren iyaka. Farin jinin fim ɗin ne ya sa 'yan jarida suka waiwayi Geeta, gwamnatocin biyu suka motsa, aka mayar da ita Indiya a watan Oktoba. Firaminista Narendra Modi ya sanar da kyautar rupi miliyan goma ga ƙungiyar. Edhi ya yi godiya, ya ce a bar kuɗin, dokarsa ba ta canja ba. Sai a 2021 aka gano mahaifiyar Geeta a jihar Maharashtra.

Da ciwo ya yi tsanani a watan Yunin 2016, tsohon shugaban ƙasa Asif Ali Zardari ya yi tayin fitar da shi waje neman magani. Ya ƙi, ya ce a asibitin gwamnati na ƙasarsa za a duba shi. Ya rasu ranar Juma'a da dare, 8 ga Yuli 2016, kwana biyu bayan Ƙaramar Sallah, a asibitin ƙoda na SIUT da ke Karachi, yana da shekara 88. Ya bar wasiyyar a ba da sassan jikinsa, amma ciwo da tsufa sun cinye saura, idanun kaɗai suka yi amfani, aka yi wa makafi biyu dashe. Ya kuma ce a binne shi da tufafin da ke jikinsa, a kabarin da ya tanadar wa kansa shekara ashirin da biyar kafin nan a ƙauyen Edhi, bayan garin Karachi.

Gwamnati ta yi masa jana'izar ƙasa a babban filin wasan kurket na birnin, sojoji suka ja gawar, aka harba igwa sau 19, girmamawar da kafin shi Muhammad Ali Jinnah, wanda ya kafa ƙasar, da Ziya'ul Haƙ kaɗai aka yi wa irinta. Shugaban ƙasa Mamnun Husain da hafsan sojoji Janar Rahil Sharif suna sahun gaba. Talakawan da ya yi shekara sittin da biyar yana ɗauka kuwa, matakan tsaro suka tura su can baya, da yawa ko shiga filin ba su samu ba, kuma jaridun ƙasar ba su yi shiru a kan haka ba. A 2017 babban bankin ƙasar ya buga tsabar rupi 50 mai ɗauke da hotonsa.

Faisal ne ya karɓi ragamar, kuma bai ɓoye ba cewa gudummawa ta ragu bayan rasuwar mahaifinsa, domin mutane da yawa tsohon suke ba, ba ƙungiya ba. Duk da haka motocin ba su tsaya ba. A watan Afrilun 2021, lokacin da korona ta fi ƙarfin asibitocin Indiya, Faisal ya rubuta wa Modi wasiƙa yana neman izinin shiga da motocin asibiti 50 da ma'aikatansu. Bilkisu ta ci gaba da kula da jarirai da zaɓar musu iyayen riƙo har ciwo ya kwantar da ita. Ta rasu a Karachi ranar 15 ga Afrilu 2022, cikin watan azumi, tana da shekara 74.